Malamin da aka ɗora wa ƙasa: hawan Shehu Shagari da faɗuwarsa

Da sanyin safiyar Asabar, 31 ga Disamba, 1983, duk wanda ya murɗa rediyonsa a Nijeriya kiɗan soja ya fara ji, bayansa sai muryar wani birgediya da yawancin mutane ba su taɓa jin sunansa ba, Sani Abacha. Ya ce sojoji sun karɓe mulki, ya kuma jero dalilansu: abinci ya gagari talaka, ma'aikata sun yi watanni ba albashi, asibitoci sun koma wurin ganin likita kawai, ba magani ba kayan aiki. A ranar gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta cika wata uku cif a zangonta na biyu. A watan Agusta aka ce mutum fiye da miliyan 12 sun jefa masa ƙuri'a, amma da ranar ta zo ba a ga wani taro ya fito titi don kare kujerarsa ba. A garuruwa da yawa ma murna aka yi.

Shekara biyu bayan haka, kwamitin da sojoji da kansu suka kafa ya binciki Shagari, bai same shi da cin dukiyar jama'a ba. Nan ne lamarin ya ɗaure wa mutane kai har yau. Ta yaya mutumin da ba a samu hannunsa cikin baitulmali ba ya shugabanci gwamnatin da ake tunawa da ita da wawaso? A fahimtata amsar tana cikin halinsa, da kuma dalilin da ya sa manyan jam'iyya suka zaɓo shi tun farko.

Daga alli zuwa majalisa

An haife shi ranar 25 ga Fabrairu, 1925, a garin Shagari, kan hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Tambuwal. Ɗan gidan sarauta ne, mahaifinsa Aliyu shi ne Magajin Shagari, ya kuma rasu tun Shehu yana ƙaramin yaro. Bayan makarantar allo ya yi elementare a Yabo, midil a Sakkwato, sannan Kwalejin Kaduna daga 1941 zuwa 1944, makarantar da daga baya ta zama Barewa. Koyarwa ya kama. Ya koyar da kimiyya a midil ta Sakkwato, ya yi hedimasta a Argungu, kuma a 1948 ya tsara Waƙar Nijeriya, doguwar waƙa da ke ratsa ƙasar gari bayan gari, kogi bayan kogi, don yara su haddace. Malami ne da ya san ɗan Bahaushe ya fi saurin riƙe abin da aka rera masa.

Siyasarsa a NPC, jam'iyyar Sardauna, ta tsiro. Ya yi sakataren reshenta na Sakkwato, ya shiga majalisar wakilai a Legas a 1954, ya zama sakataren majalisa na Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1958, daga nan ya yi ta riƙe ma'aikatu: raya tattalin arziki, harkokin ma'aikata, harkokin cikin gida, ayyuka. A 1962 Sarkin Musulmi Abubakar III ya naɗa shi Turakin Sakkwato. Idan an kira shi mai ra'ayin riƙau, a Arewa ma'anar a fili take. Yana ɓangaren da ya yarda da sarakuna da En'e, da girmama na gaba, da canji a sannu ba tare da rusa abin da aka gada ba. Ɗaya ɓangaren shi ne na Malam Aminu Kano da NEPU, masu cewa talaka ba zai numfasa ba sai an karya wannan tsari.

Juyin mulki ba baƙon abu ba ne a wurinsa. A Janairun 1966 aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa, mutanen da suka raine shi a siyasa, kuma yana cikin ministocin da suka zauna a Legas aka miƙa mulki ga Janar Aguiyi-Ironsi. Ya tattara ya koma Sakkwato ya shiga aikin gina makarantu. A 1970 Janar Gowon ya kira shi, shekara guda bayan haka ya gaji Cif Obafemi Awolowo a ma'aikatar kuɗi. A hannunsa aka yi ban kwana da fam da sule da sisi da taro, naira da kwabo suka fito a farkon 1973.

Ɗan takarar da kowa zai iya zama da shi

Da sojoji suka ɗage takunkumin siyasa a 1978, Shagari kujerar sanata yake so, ya kuma sha faɗin haka. Jam'iyyarsa ta NPN, mai alamar gida da masara, taron manya ce: tsofaffin 'yan NPC, 'yan bokon Arewa, attajirai, da jiga-jigan ƙananan ƙabilu na Binuwai da Kuros Riba da Ribas. Ta raba muƙamai shiyya-shiyya, shugaban ƙasa daga Arewa, mataimaki daga Gabas, shugaban jam'iyya daga Yamma. A babban taronta na Legas a Disambar 1978 akwai Maitama Sule, wanda ba a kama ƙafarsa wajen iya magana, akwai Adamu Ciroma, Olusola Saraki, Joseph Tarka da Iya Abubakar. Shagari ya zo na ɗaya, Maitama na biye, sauran suka janye wa Shagari.

Me ya ba shi wannan galaba? Ƙwarewa tana ciki, don kaɗan ne suka kai shi sanin ma'aikatun tarayya. Amma babban abin shi ne ba ya tsorata kowa. Mutum ne mai kawaici, mai kunya, mai sauraron kowa har ya gama, ba ya ɗaga murya, ba shi da rundunar kansa a cikin jam'iyya. Kowane babba ya ga zai iya zama da shi ba tare da an taka masa ƙafa ba. Wannan hali abin yabo ne a zauren Magaji, inda aikin shugaba shi ne sasanta 'yan'uwa. Sabon tsarin mulkin 1979 kuwa irin na Amurka ne, ya tara iko a hannun mutum ɗaya, yana bukatar wanda zai iya kallon abokinsa ido da ido ya ce masa ajiye aikin nan.

Zaɓen 11 ga Agusta, 1979 ya ba shi ƙuri'a kusan miliyan 5.7, Awolowo na UPN miliyan 4.9, sai Nnamdi Azikiwe, Aminu Kano da Waziri Ibrahim a baya. Doka ta ce sai ɗan takara ya sami kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'u a kashi biyu bisa uku na jihohi. Jihohi 19 ne a lokacin. Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12, a ta 13, wato Kano, ya tsaya a kashi 19.94 cikin ɗari. 'Yan adawa suka ce jiha ba ta gutsuruwa, biyu bisa uku na 19 dole ya zama 13, don haka a je zagaye na biyu. Lauyan NPN, Richard Akinjide, ya ce lissafin 12 ne da biyu bisa uku, saboda haka a Kano abin da ake bukata shi ne rubu'in biyu bisa uku na ƙuri'un jihar, wanda bai kai kashi 17 ba. Hukumar zaɓe ta karɓi wannan lissafi, Kotun Ƙoli ta tabbatar da shi ranar 26 ga Satumba, Mai Shari'a Kayode Eso ya ƙi amincewa. Aka rantsar da Shagari da mataimakinsa Alex Ekwueme ranar 1 ga Oktoba, amma rabin ƙasa na ganin da dabarar lauya ya hau. A majalisa ma NPN ba ta da rinjaye, sanatoci 36 cikin 95, gwamnoni 7 cikin 19. Sai da ta ƙulla yarjejeniya da NPP ta Azikiwe, wadda ta watse a 1981.

Abin da ya gina, da abin da ya faru a gabansa

Adalci ne a faɗi ayyukansa. Ya ƙaddamar da shirin bunƙasa noma a 1980. Ya gina rukunin gidaje masu sauƙin kuɗi a jihohi, waɗanda har gobe ake kira gidajen Shagari. Ya tura aikin ƙarafa na Ajaokuta gaba, aka buɗe na Aladja, aka kafa masana'antun murza ƙarfe a Katsina da Jos da Oshogbo. Jami'o'in fasaha na tarayya a Bauchi, Makurɗi, Owerri, Akure, Yola da Minna duk a zamaninsa aka kafa su. Ya matsa a koma Abuja, har ya kai bikin 'yancin kai na 1982 can tun garin yana ƙura da tulin yashi. Ya yafe wa Gowon, ya yafe wa Odumegwu Ojukwu, wanda ya dawo gida a 1982 bayan shekara 12 yana gudun hijira. Kuma jaridu sun zage shi son ransu, bai mayar da gidan yari amsar zagi ba.

Sai dai tun watannin farko aka ga inda bangon ya tsage. A Janairun 1980 jami'an shige da fice suka ɗauke Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar jihar Barno kuma ɗan GNPP, jam'iyyar Waziri Ibrahim, suka tsallakar da shi Chadi da sunan ba ɗan ƙasa ba ne. Kotu ta dawo masa da haƙƙinsa, amma saƙon ya riga ya isa ga 'yan adawa. Wata uku bayan haka aka yi abin da ya fi wannan muni, a jiharsa ta haihuwa. Manoman Bakolori, kusa da Talatar Mafara, waɗanda madatsar ruwa ta cinye musu gonaki, sun gaji da jiran diyya, suka tare hanyoyin aikin. Aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta, aka ƙone ƙauyuka. Hukuma ta ƙidaya gawawwaki a gomomi, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne. Talakawa ne masu neman haƙƙin gonar gado, a ƙarƙashin gwamnatin da alamarta masara ce, kuma ba a ga wani babba ya rasa kujerarsa a kan jininsu ba. Duk wanda ke son Shagari bai kamata ya tsallake Bakolori ba.

A Disambar wannan shekara rikicin Maitatsine ya ci rai fiye da 4,000 a Kano, ya sake tashi a Bulumkutu da Kaduna a 1982. A Kaduna kuma 'yan majalisar NPN sun hana Gwamna Balarabe Musa na PRP kafa majalisar kwamishinoni, daga ƙarshe suka tsige shi a Yunin 1981. Shugaban ƙasa bai tsawata wa 'yan jam'iyyarsa ba.

Ranar da rijiyar mai ta ja baya

Gwamnatin ta hau ne lokacin da gangar ɗanyen mai ke tunkarar dala 40. A kan wannan farashi aka tsara shirin raya ƙasa na huɗu, na naira biliyan 82, aka kuma amince da mafi ƙarancin albashi na naira 125 bayan yajin aikin 1981. A cikin wannan shekara kasuwa ta cika da mai, masu saye suka juya baya, abin da Nijeriya ke haƙowa ya faɗo daga ganga miliyan biyu a rana zuwa ƙasa da miliyan ɗaya. Awolowo ya rubuta wa Shagari wasiƙa a tsakiyar 1981 yana gargaɗin cewa jirgin tattalin arziki ya nufi dutse. Mutanen gwamnati suka ce hassada ce ta wanda ya faɗi zaɓe. Kafin shekara ta zagayo, a Afrilun 1982, Shagari ya kai wa majalisa dokar tsuke bakin aljihu. Ajiyar ƙasa a waje, wadda ta kai kimanin dala biliyan 10 a 1980, ta zube zuwa wajen biliyan ɗaya a 1983.

Faɗuwar farashin mai ba laifinsa ba ne. Yadda aka raba wahalar shi ne laifin gwamnatinsa. Da aka taƙaita shigo da kaya, takardar izinin shigo da kaya ta zama zinariya, kuma 'yan jam'iyya ake ba. Mutumin da bai taɓa sayar da ko allura ba sai ya karɓi takarda ya sayar wa ɗan kasuwa na gaskiya, shi kuma ya ɗora kuɗin a kan talaka, masana'antu na rufewa don rashin kayan aiki. Shinkafa ta zama siyasa, aka kafa mata kwamiti na musamman ƙarƙashin ministan sufuri Umaru Dikko, wanda mutane da yawa ke gani ya fi kowa ƙarfi a gwamnatin. Ƙasar da ke kirarin juyin noma ta koma jiran jirgin ruwa kafin ta ɗora tukunya. Gine-ginen gwamnati suka riƙa kamawa da wuta, har da dogon benen kamfanin sadarwa na ƙasa a Legas a Janairun 1983, jama'a kuma suka ɗauka takardun bincike ake ƙonawa. A jihohi da dama malaman firamare sun yi watanni ba albashi, alhali tsohon hedimasta ne a kan kujera.

A wannan Janairu ne kuma gwamnati ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su fice. Kimanin mutum miliyan biyu suka kama hanya, kusan rabinsu 'yan Ghana, sauran daga Nijar, Chadi, Kamaru, Togo da Benin. Aka ga mata da goyo a kan iyakar Seme, kayansu ɗaure cikin jakar nan mai zanen ɗaki-ɗaki da har yau ke ɗauke da sunan wannan kora. Cikin waɗanda aka tasa ƙeyarsu akwai masu gadi da 'yan ga-ruwa da 'yan ci-rani daga Maraɗi da Damagaram, masu harshe ɗaya da addini ɗaya da mutanen Shagari. Korar ba ta sauko da farashin mudu ko ɗaya ba.

Shagari ya san akwai ɓarna. Ya yi ta wa'azin gyaran ɗabi'a, a zango na biyu har ya kafa ma'aikata don haka ya ba Maitama Sule. Abin da ya gagare shi shi ne hukunta na jikinsa. Kunyar da ta sa manya suka yarda da shi ita ce ta ɗaure masa hannu a kansu.

Zaɓen 1983

Ni a ganina a nan aka kifar da gwamnatin, sojoji gawarta kawai suka zo ɗauka. Malam Aminu Kano ya rasu a Afrilu, PRP ta riga ta rabe gida biyu, santsi da taɓo, Awolowo da Azikiwe sun kasa tsayar da mutum ɗaya. Da an bar ƙuri'a ta yi aikinta, da wuya Shagari ya faɗi. Amma jam'iyya ba nasara kawai take so ba, so take ta share fage. Rajistar masu zaɓe ta tashi daga kusan miliyan 48 a 1979 zuwa miliyan 65. Ranar 6 ga Agusta aka ba Shagari ƙuri'a miliyan 12, Awolowo miliyan 7.9. A zaɓen gwamnoni NPN ta tashi daga jihohi 7 zuwa 13, ta karɓe Kaduna, Barno, Gongola, Bendel, Anambra, Oyo, har da Ondo, cibiyar Awolowo, ko da yake Kwara ta kuɓuce mata. A Akure, babban birnin Ondo, mutane suka fito da fetur, aka ƙone gidaje da ofishin hukumar zaɓe, aka kashe mutane, Akin Omoboriowo na NPN da aka ce ya ci ya tsere daga jihar, daga baya kotu ta mayar wa Gwamna Michael Ajasin na UPN kujerarsa. Sauran jam'iyyu ma sun yi maguɗi inda suke da ƙarfi, amma wadda ke riƙe da 'yan sanda ita ta fi kowa.

Garkuwar farar hula a gaban mai bindiga guda ɗaya ce: jama'a su yarda cewa idan sun gaji da shugaba, akwatin zaɓe zai raba su da shi. Bayan Agustan 1983 wannan yarda ta ƙare, kuma hafsoshin soja suna kallo. Dama tun farkon shekarar an ga alamar ba sa jin linzami, lokacin da Manjo Janar Muhammadu Buhari, kwamandan runduna ta uku a Jos, ya fatattaki sojojin Chadi daga tsibiran tafkin Chadi ya bi su har cikin ƙasarsu, nesa da inda gwamnati ta so a tsaya.

Daren Abuja da abin da ya biyo baya

Ranar 29 ga Disamba Shagari ya gabatar da kasafin kuɗi na ƙarin tsuke bakin aljihu, ya tafi Abuja hutun ƙarshen shekara. Cikin daren Juma'a wayewar Asabar Birgediya Ibrahim Baƙo ya nufi masaukin shugaban ƙasa da sojoji don kama shi. Masu gadi suka ƙi ba da hanya, aka yi musayar wuta, Baƙo ya rasa ransa. Masu tsaron Shagari sun riga sun fitar da shi daga gidan, amma bai daɗe ba ya shiga hannu. Buhari ya zama shugaban ƙasa, Tunde Idiagbon na biye da shi. Abin lura, manyan waɗanda suka kifar da shi ba daga sansanin abokan hamayyarsa na Kudu suka fito ba. Buhari ɗan Daura ne, Ibrahim Babangida ɗan Minna, Abacha ɗan Kano.

Aka tsare Shagari a wani gida a Ikoyi, aka kai Ekwueme gidan yarin Kirikiri, bambancin da ya jawo surutu mai yawa. Kotunan soja suka yanke wa gwamnoni shekaru masu yawan gaske. Umaru Dikko ya tsere London, inda a Yulin 1984 aka same shi a sume cikin akwati a filin jirgin Stansted ana shirin ɗauko shi. Doka ta 2 ta ba da damar tsare mutum ba shari'a, doka ta 4 ta kai 'yan jarida kurkuku, waɗanda a zamanin Shagari suke rubuta abin da suka ga dama. Layin sayen shinkafa da madara da sabulu bai gushe ba, sai dai ya sami soja da bulala a gefensa. Watanni 20 kacal Babangida ya ture Buhari. Waɗanda suka yi murna a safiyar Asabar ɗin nan ba su sake ganin zaɓaɓɓen shugaban ƙasa a kan mulki ba sai 29 ga Mayu, 1999, kuma satar da aka yi a tsakanin ta ninka wadda aka kifar da Shagari a kanta. Gazawar gwamnatinsa gaskiya ce, amma ban yarda ta halatta abin da sojoji suka yi ba. Kotuna suna aiki a lokacin, shaida kuwa ita ce Ondo.

A farkon 1986 kwamitin Mai Shari'a Samson Uwaifo ya wanke Shagari da Ekwueme. Aka sake shi a tsakiyar shekarar, aka haramta masa siyasa, aka ce ya zauna a garinsu. Ya koma Shagari ba tare da wata dukiyar da za a nuna da yatsa ba, da doguwar hularsa da tabaransa, ya ci gaba da karɓar baƙi da halartar sha'anin masarauta a matsayinsa na Turaki. Bai sake neman kujera ba, ba a kuma ji shi yana zagin waɗanda suka tsare shi ba. Shekaru da yawa bayan haka ya riƙa zama a majalisar ƙoli ta ƙasa, teburi ɗaya da Buhari da Babangida.

Ya rasu ranar Juma'a, 28 ga Disamba, 2018, a Asibitin Ƙasa da ke Abuja, yana da shekara 93, saura kwana uku juyin mulkin ya cika shekara 35. Buhari ne shugaban ƙasa a lokacin, wannan karon da ƙuri'a, shi ya ba da umarnin a sassauto da tuta. Washegari aka kai gawar garin Shagari, aka yi masa salla, aka binne shi a gidansa.